Littafin labari cikin zane zai iya fin na zube?

Jama'a, akwai wata gardama da masu son karatu suka daɗe suna yi, kuma takan shigo har cikin gidajenmu. Uba ya tarar da ɗansa riƙe da littafin da aka raba shafinsa gida-gida, kowane gida da zanensa, maganar mutane tana fitowa daga bakinsu cikin wani ɗan zagaye, sai ya ce masa ya ajiye katun ɗin nan ya ɗauko littafin kirki. A wurin uban, littafin kirki shi ne na zube, wanda rubutu ya cika shafi tun daga sama har ƙasa. Mai zane kuwa abin rage lokaci ne, sai wanda karatu ya gagara.

Ni a ra'ayina littafin zane zai iya fin na zube, kuma an riga an yi waɗanda suka fi. Sai dai ba a kowane irin labari ba, kuma ba don ya fi sauƙin karantawa ba. Yakan fi ne a inda labari ya kai wurin da baki ba ya iya faɗa, ko inda ake so mai karatu ya ga jiya da yau a lokaci guda.

Rainin da ake yi wa irin waɗannan littattafai yana da tushe. A Amurka, a 1954, wani likitan ƙwaƙwalwa mai suna Fredric Wertham ya fitar da littafi yana zargin mujallun zane da lalata tarbiyyar yara, har majalisar dattawan ƙasar ta yi zama a kan batun, masu buga su kuma suka kafa wa kansu hukumar tacewa don kada gwamnati ta kafa musu. Daga nan aka yi shekaru ba a cika ganin komai ba sai jarumai masu tashi sama da dabbobi masu ban dariya. Mu ma a Najeriya abin da manyanmu suka sani ke nan: Lance Spearman na mujallar African Film, wadda ma hotuna ake ɗauka a jera, da Ikebe Super ta Wale Adenuga da ta fara fitowa a 1976, inda Papa Ajasco ya samo asali. Wanda ya tashi a Legas ko Ibadan yana ganin waɗannan a hannun masu sayar da jarida, ba laifinsa ba ne in ya ɗauka zane da barkwanci Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Amma tun 1978, da Will Eisner ya fitar da A Contract with God a kan rayuwar talakawan wata unguwa ta birnin New York, masu zane suka fara ɗaukar manyan labarai, kuma yanzu an wuce shekara 40 ana yi.

Littafin da ya fi kashe bakin masu raini shi ne Maus na Art Spiegelman. Labarin mahaifinsa ne, Vladek, Bayahude ɗan ƙasar Polan wanda ya tsira daga sansanin Auschwitz a yaƙin duniya na biyu. Ɗan ya riƙa zuwa gidan tsohon yana ɗaukar maganarsa a kaset, ya yi kimanin shekara 13 yana aikin. Kashi na farko ya fito a 1986, na biyu a 1991, a 1992 kuma aka ba shi lambar yabo ta musamman ta Pulitzer. Tsohon ya rasu tun 1982, bai ga ƙarshen littafin ba.

Spiegelman ya zana Yahudawa a matsayin ɓeraye, Jamusawa kyanwoyi, mutanen Polan aladu, Amurkawa karnuka. Wanda ya ji haka daga nesa zai ce ai ga shi nan, tatsuniyar gizo ce. Amma 'yan Nazi ne da kansu suka riƙa kwatanta Yahudawa da ɓeraye a fina-finansu da takardun farfagandarsu, shi kuma ya ɗauki zagin ya mayar musu. Kuma ga inda zanen ya yi aikin da alƙalami ba zai iya ba. Lokacin da Vladek da matarsa Anja suke ɓuya suna yawo a gari kamar su ba Yahudawa ba, an zana su sanye da fuskar aro ta alade, ɗaure da zare ta ƙeya. Ita Anja da kamanninta suka fi tona ta, sai ka hangi wutsiyar ɓera tana jan ƙasa ta bayan rigarta. Ba a rubuta maka cewa tana cikin haɗari ba. Kai ne za ka ga wutsiyar, gabanka ya faɗi, ka fara duban mutanen da ke wucewa kana tunanin wa zai riga lura. A wani shafin, sun fito ba su san inda za su nufa ba, sai aka zana hanyar da ke gabansu ta rabu huɗu ta yi siffar tambarin Nazi. Duk inda suka bi, cikinsa suke.

Wanda ya fi tsaya min a rai yana kashi na biyu. Iyalin suna tafiya a mota cikin wani daji a Amurka, shekaru da yawa bayan yaƙi, tsohon yana ba da labarin wasu 'yan mata huɗu da aka rataye a sansanin. A gida ɗaya na zanen, motar tana wucewa a ƙasa, ƙafafun 'yan matan kuma suna reto daga bishiyoyin gefen titi. Marubucin zube dole ya jera: ya faɗi yau, ya koma jiya, ya dawo yau, domin jimla bi da bi take tafiya. Mai zane ya haɗa su wuri ɗaya, kuma haka abin yake a kan wanda ya ga tashin hankali. Duk wanda ya zauna da dattijon da ya ga yaƙi ya san jiyan ba ta wuce ba, tana nan tare da shi a kan tabarma.

Bai kuma mayar da mahaifinsa waliyyi ba. Ya zana shi da rowarsa, da mitarsa, da yadda ya ƙona littattafan da Anja ta rubuta tarihinta a ciki bayan ta kashe kanta a 1968, har da ranar da ya tada hankali don an rage wa wani baƙar fata hanya a mota. Mutumin da aka zalunta saboda jinsinsa, ga shi yana ƙyamar wani saboda launinsa. Littafin da ya iya riƙe wannan duka ya wuce a kira shi katun.

Na biyu shi ne Persepolis na Marjane Satrapi, wanda ya fito da Faransanci kashi huɗu tsakanin 2000 da 2003. Tarihin ƙuruciyarta ne a Tehran lokacin juyin juya halin 1979 da yaƙin Iran da Iraƙi. Ba sai ka yarda da ra'ayinta na siyasa ko na addini ba, ni ma akwai wuraren da muka raba hanya, amma dubi abin da ta yi a babi ɗaya. Makami mai linzami ya faɗa layinsu, ya rushe gidan maƙwabtansu. Tana wucewa da mahaifiyarta sai ta hangi munduwar ƙawarta a cikin ɓaraguzai, kuma munduwar ba ita kaɗai ba ce. Gidan zane na ƙarshe a wannan shafin baƙi ƙirin ne, babu fuska, babu gini, sai ɗan layin rubutu a ƙasa. Mai zanen da ta yi ta nuna maka komai tun farkon littafi, a nan ta rufe maka ido kamar yadda ta rufe nata. Shirun nan ya yi nauyi ne saboda ka saba ana nuna maka. Marubucin zube zai iya cewa ya kasa kwatantawa, amma da kalmomi zai faɗa, kuma da zarar ya faɗa ya rage masa nauyi.

Sai Joe Sacco, ɗan jarida haifaffen Malta da ke aikinsa da zane. Bayan littafinsa Palestine na shekarun 1990, ya fitar da Footnotes in Gaza a 2009, mai shafi kimanin 400, a kan kisan da sojojin Isra'ila suka yi a Khan Yunis da Rafah a watan Nuwamba 1956. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce an kashe mutum 275 a Khan Yunis, 111 a Rafah, kuma a takardun tarihi abin bai wuce 'yan layuka ba. Sacco ya je Gaza a 2002 da 2003, ya bi tsofaffin da suka gani da idonsu gida-gida. Babu kyamarar da ta ɗauki abin da suka ba shi labari, saboda haka ya zana. A shafuka biyu masu fuskantar juna ya nuna bangon tsohuwar ganuwar Khan Yunis: a ɗaya gawarwaki jere a gindinsa, a ɗayan kuma wuri ɗaya ne bayan kusan shekara 50, motoci a ajiye, mutane na harkarsu. Idonka ya yi ta kai da komo tsakanin biyun. Inda shaidu suka saɓa da juna kuma bai ɓoye ba, ya zana fuskar kowa da abin da ya faɗa ya bar ka ka auna. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska, to a littafin nan fuskokin suna nan kana kallonsu.

Masu cewa zane yana kashe tunani, wai an riga an tauna maka sai haɗiya, ina ganin ba su lura da yadda ake karanta shi ba. Tsakanin gida da gida akwai ɗan farin fili. A gida na farko mutum ya ɗaga gatari, a na biyu an nuna rufin gidaje da dare da alamar ihu. Ba a zana saran ba, kai ne ka yi shi a ranka. Scott McCloud ya yi dogon bayani a kan wannan a littafinsa Understanding Comics na 1993, wanda shi ma cikin zane ya rubuta shi. Fim yana jan ka da gudun da ya ga dama, shafin zane kuwa yana jiran ka: ka tsaya, ka koma baya, ka duba kusurwa ka ga abin da ka tsallake. Shaun Tan na Ostireliya ya kai abin ƙarshe a The Arrival na 2006, labarin mutumin da ya bar iyalinsa ya tafi ci-rani wata ƙasa. Babu kalma ko ɗaya da za ka iya karantawa a ciki. Allunan titi da takardun ofis duk da wasu haruffa ne na ƙirƙira, don ka ɗanɗani ruɗewar baƙo. Wanda ya taɓa sauka a tashar garin da ba ya jin yarensu, da jaka a hannu da adireshi a aljihu, ba ya bukatar a fassara masa wannan littafi.

To amma kada a ɗauka zube ya faɗi. Akwai gonar da zane ba ya shiga ya fita da kaya.

Shi kansa Auschwitz ɗin, Primo Levi ɗan Italiya ya rubuta zamansa a can cikin zube, littafin ya fito a 1947. Abin da Levi ya yi shi ne tunani: yadda yunwa ke sauya ma'anar kalmomi, yadda ake mayar da wanda aka zalunta ya zama mai zaluntar na ƙasa da shi, dalilin da ya sa wani ya rayu wani ya mutu. Irin wannan bin diddigi, hujja a kan hujja, shafi bayan shafi, in ka ce za ka cusa shi cikin 'yan zagayen magana sai su cinye zanen. Spiegelman ya nuna min abin da Levi bai nuna ba, Levi ya fahimtar da ni abin da Spiegelman bai taɓo ba, kuma in aka ce in zaɓi ɗaya don a ba matashi ya fara da shi, Maus zan miƙa masa.

Ko mu dawo gida, ga Things Fall Apart na Chinua Achebe, na 1958. Bayan mun bi Okonkwo tun tashensa har ya rataye kansa, sai Achebe ya juya a shafin ƙarshe ya shiga cikin kan baturen mulki, wanda ke tunanin littafin da zai rubuta, yana auna ko labarin mutumin nan zai cika babi guda, ya ƙare da cewa sakin layi ɗaya ma ya isa. Duk cin fuskar mulkin mallaka tana cikin wannan sauyin murya. Me za ka zana a nan? Bature yana tafiya da sanda? Dafin yana cikin kalmomin.

Haka Magana Jari Ce ta Abubakar Imam, da ta fara fitowa a 1937. Akwai 'yan zane-zane jefi-jefi a ciki, amma cire su duka babu abin da zai ragu. Daɗin littafin yana kan harshen aku, da karin magana, da habaici, da yadda yake jan Musa da zance har gari ya waye. Adabinmu na kunne ne tun asali, shi ya sa littattafan soyayya na Kano suka samu kasuwa a rediyo, yanzu kuma ake sauraren su a waya. Mace tana girki tana ji, direba yana tuƙi yana ji, makaho yana ji, wanda bai yi boko ba yana ji. Littafin zane ba ya karantuwa a rediyo. Wannan babban rashi ne, kuma masu yabonsa ba su cika ambata ba.

Ga tsada kuma. Mai zube yana bukatar biro da takarda, ko waya kawai. Mai zane yana iya kwana biyu ko uku a kan shafin da za ka karanta cikin minti ɗaya, buga shi kuma, musamman mai launi, ya ninka na zube kuɗi.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙarfin da na yaba ɗin nan, kaifi biyu gare shi. Gani ya kori ji, ko da abin da aka gani ƙarya ne. Hergé na Beljiyam ya fitar da labarin Tintin a Kwango a 1931, ya zana 'yan Afirka da manyan leɓɓa kamar yara marasa wayo masu jiran Bature ya yi musu tunani. Da ya sake zana littafin a 1946 ya canja wasu abubuwa, kamar darasin da ake koya wa yaran Kwango cewa Beljiyam ce ƙasarsu, ya mayar da shi lissafi, amma fuskokin suna nan. Yara da yawa a Turai da wannan hoton suka fara sanin baƙar fata. Mummunar jimla ana iya mantawa da ita, mummunan hoto kuwa yakan zauna. Ko Maus bai tsira ba, don mutanen Polan da yawa sun ji zafin aladun nan, kuma ban ga laifinsu ba. Saboda haka uban da ke duba littafin da ɗansa yake karantawa yana da gaskiya, kuskurensa kawai shi ne ya yanke hukunci da ganin zane bai buɗe ya karanta ba. Ba mu kaɗai ke wannan ba: a Janairun 2022 hukumar makarantun wata gunduma a jihar Tennessee ta Amurka ta cire Maus daga manhaja saboda 'yan kalmomin ashar da wani ƙaramin zane na tsiraici, abin da ya sa mutane suka yi ta rububin sayensa. Batun hukuncin zana mai rai kuwa na malamai ne, kowa ya san wanda yake bi, ni a kan abin da littattafan ke iya yi nake magana.

Game da yara, akwai labarin da ya kamata iyaye su sani. A 1957 aka buga wata 'yar mujallar zane a Amurka mai shafi 16, ana sayar da ita santi 10, a kan Martin Luther King da ƙaurace wa motocin safa da baƙaƙen fata suka yi a Montgomery. Cikin matasan da suka karanta ta akwai John Lewis, wanda 'yan sanda suka fasa wa kai a gadar Selma ranar 7 ga Maris 1965, daga baya ya zauna a majalisar wakilai daga 1987 har rasuwarsa a 2020. Da ya tashi ba jikoki tarihin gwagwarmayar, sai ya zaɓi zane. Shi da Andrew Aydin da mai zane Nate Powell suka fitar da March kashi uku tsakanin 2013 da 2016, na ukun ya ci babbar lambar littafi ta ƙasar a ɓangaren matasa, karon farko da littafin zane ya ci. Mutumin da aka hana katin laburare yana yaro saboda launin fatarsa ya san darajar littafi fiye da yawancinmu, kuma bai ga zane a matsayin ƙasƙanci ba.

A Afirka ma an fara. Marguerite Abouet ta rubuta Aya de Yopougon, Clément Oubrerie ya zana, kashi na farko ya fito a 2005. Labarin 'yan mata uku ne a wata unguwa ta Abijan a ƙarshen shekarun 1970, babu yaƙi babu yunwa, sai soyayya da gulma da cikin shege da iyaye masu son abin duniya, kusan irin abin da marubutanmu mata ke rubutawa. Abin da zanen ya ƙara shi ne unguwar kanta: atamfofi, ɗaurin ɗankwali, harara, yadda uwa ke riƙe ƙugu. Roye Okupe, haifaffen Legas, ya yi Malika, jarumar da ya gina a kan Sarauniya Amina ta Zazzau. Ya kyauta, amma da Turanci ne, kuma ya fi karkata ga salon jaruman Amurka.

Yaranmu da suka tashi a kudu da yawa suna jin Hausa a baki amma in ka ba su shafin zube sai su yi ta tuntuɓe da ƙ da ɗ da ɓ. Littafin da hoto ke riƙe da rabin ma'ana, rubutun kuma magana ce gajera irin ta yau da kullum, shi ne tsani mafi kusa gare su. In da za a tambaye ni da wane littafi za a fara, ba zan ce Magana Jari Ce ba, saboda dalilin da na faɗa. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa zan ce, na 1934. Gajere ne, kuma marubucin ya wuce wurare da yawa da sauri: sace yaro, kasuwar bayi, ayarin raƙuma a Sahara, guguwar rairayi da ta binne matafiya, uwar da ta bi sawun ɗanta har ita ma ta faɗa bauta ta ƙare a Tarabulus. An mayar da shi wasan kwaikwayo, an yi fim ɗinsa a 1976. Mai zanen da ya san aikinsa zai iya ba hamadar nan shafi biyu cur babu kalma ko ɗaya, sai ɗigon ayari can ƙasa a kusurwa, sa'an nan a shafi na gaba ya sa fuskar uwar a ranar da ta fara tambayar hanya kusa da fuskarta a ranar da ɗan ya same ta.